Ƙodar Aro

Ni ne Jafaru na Ruma, kuma ka zagaye ƙasar Batsari da Safana kaf ba za ka sami mai tabo irin nawa ba. Daga ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu ya taso, ya kewaya har kusa da gadon baya, kamar an yi mini ɗamara da wuƙa. A da, in aka taru ranar kasuwa, sai in ɗaga riga in nuna wa mutane. Yanzu na gaji da ɗaga riga. Waɗanda suka san labarin duk sun riga ni tafiya, masu ƙoda bibbiyu cif, ni kuwa da guda ɗaya na yi ta raka su maƙabarta ina dawowa gida da ƙafata. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma na shiga jirgin sama tun hakimai da yawa ba su shiga ba.

Sahabi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da dogarai suka zo rugarmu neman yaron da za a kai makaranta, Baffa mahaifinmu ya dube mu mu biyu, ya miƙa musu Sahabi. Ba don ya fi ni kai ba. Ni ne mai tsayar da bijimi da hannu, wa zai ba da irina? Shi kuwa ɗan siriri ne, ko maraƙi sai ya ja shi ƙasa. To, boko ya karɓe shi. Shekarar da Turawa suka miƙa mulki ya fara aikin gwamnati, ya yi ta hawa har ya zama babba a ma'aikatar kula da dabbobi a Kaduna. Da kuɗin fetur suka zubo ya zo gida da Fijo fara, ta kafe a rairayin rafin Ruma, sai da na ɗaura mata shanun huɗa suka jawo ta. Duk da haka bai taɓa kiran sunana ba. Hamma yake ce mini, wato yaya da Fillanci, kuma in zai gaishe ni sai ya durƙusa, ko da wandon Turawa ne a jikinsa.

Bayan babban farin nan da ya cinye rabin garkenmu, wata ranar kaka sai ga Landiroba a bakin ruga. Wani dogon mutum mai tabarau ya fito, ya ce shi ne Dakta Armaya'u, Bakatsine, abokin Sahabi tun suna makaranta. Na shimfiɗa masa tabarma, Inna Mero mahaifiyarmu ta zauna daga gefe. Muka gaisa, ya tambayi shanu, ya tambayi damina, ya sha fura. Sa'an nan ya cire tabarau ya goge.

"Malam Jafaru, Sahabi ba shi da lafiya. Ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki. Gwamnati ta kai shi Ingila, wani inji ne ke wanke masa jini. Injin ba zai riƙe shi har abada ba."

"Ƙoda dai irin wadda muke gasawa ranar layya?"

"Ita. Likitocin can suna iya cire ta mutum mai rai su dasa wa wani. Ta ɗan'uwa na jini ta fi kamawa. Mai bayarwa kuma yana rayuwa da guda ɗaya."

"Shi ya aiko ka?"

"Hana ni zuwa ma ya yi. Ya ce in na taka Ruma, mun ɓata."

Na san za a yi haka. Inna ta tashi ta shiga bukka, ta fito da wani ɗan ƙoƙo wanda Baffa yake shan madara da shi kafin ya rasu. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ajiye ƙoƙon a gabana, ta dubi likita ta ce, "Wanga zai bi ka."

Ba zan ba da labarin jirgi ba, na ba da shi har ya tsufa a bakina. Sanyin ƙasar kuwa, ku bar shi kawai. Suka yi ta ɗibar jinina kamar masu tatsa, suka haska ni ciki da waje, suka ce ba su taɓa ganin ƙodoji masu kyan nawa ba. Armaya'u ne ya fassara mini, kuma na ga fuskar Baturen, ba ƙari ya yi ba.

Matsalar Sahabi ce. Na same shi kwance, fuska ta kumbura, ƙafafu kamar turmi. Ya yunƙura zai sauko ya durƙusa, na danne shi.

"Hamma, ka koma gida. Ba zan karɓa ba."

"Don mi?"

"Kyautar da ba ni iya ramawa har in mutu? Ka bar ni da kunyata ta ciwo, kada ka ƙara mini wata."

Na yi kwanaki ina lallashi, na yi faɗa, na ce zan gaya wa Inna. Ko gezau. Ina zaune ina jujjuya ƙoƙon Baffa a hannu sai dabara ta zo mini.

A wajenmu akwai abin da ake kira haɓɓanaye. In ɗan'uwanka garkensa ya ƙare, ba ka ba shi sadaka, don sadaka karya mutum take yi. Karsana kake zaɓa, mafi kyau, ka ba shi aro. Ya kiwata ta, ya sha nononta. Ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, sa'an nan ya dawo maka da uwar. Saniyar aro ba a dukanta, ba a sayar da ita, ita ake fara shayarwa a rijiya. In wani abu ya same ta a hannunka, ba wanda zai ce ka biya, amma kai ka san abin da za ka ji.

Na ce, "Wa ya ce maka kyauta ce? Haɓɓanaye ce. Aro na ba ka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Hamma, ƙoda ba ta haihuwa."

"Kai dai karɓi igiya. Haihuwa ta Allah ce."

Can ya ce, "To in haɓɓanaye ce, a yi ta yadda Baffa yake yi. Kada a rage komai."

Ana gobe za a yi aikin na tsare Armaya'u. Kowane makiyayi ya sani, dabba ba a makiyayar da ta baro take mutuwa ba, ba kuma a wadda za ta ba. A hanya take mutuwa. Na ce sai ya nuna mini inda ƙodata za ta tsaya tsakanin cikina da cikin Sahabi. Da ma gwamnati ta bar shi a asibitin yana koyon wannan aikin, sai ya ja ni wani ɗaki mai sanyi, ya buɗe firji, ya fito da kwalba. Ruwa ne garau, kamar na rijiya.

"Wannan ne? Ruwa kawai?"

"Ba ruwa kawai ba. Akwai gishiri, akwai sukari, akwai wani abu ɗan'uwan kanwa. Da an cire ƙoda za a ɗura mata shi ta jijiya ya kore jinin, a sa ta a kwano cikin ƙanƙara. Sanyin ya sa ta barci, ba ta neman abinci sosai. Ruwan kuma ya hana ta kumbura."

"Gishiri da kanwa. Ashe abin da muke ba shanu ne."

"Kusan haka," ya ce, yana murmushi. Na miƙa hannu zan ɗanɗana, ya janye kwalbar.

"Har yaushe take iya zama a ciki?"

"Yini ɗaya, a matsa a ce da kwana. Daga nan sai ta fara lalacewa a hankali. Abin da ke hana mutanen ɗakin nan hutawa ke nan. Yau su ƙara wannan, gobe su rage wancan, su gwada, su sake. Amma kai kada ka damu. Ɗakin tiyatarku na jikin juna. Taka ko ɗumi ba za ta gama hucewa ba za a kai ta."

An gaya mana tun daga dare kada mu sa komai a baki, ko ruwa. Armaya'u ya faɗa da Hausa, ya maimaita. Ba wanda bai ji ba. Amma Baffa, ranar da saniyar aro za ta bar garkensa, da safe yake tatsa a ƙoƙo, ya kurɓa, ya miƙa wa mai karɓa. Shi ne ɗaurin maganar. In ba a sha ba, ba a ba da aro ba.

Da gari ya waye Sahabi ya ce, "Hamma, akwai kwalaben madara a keken mai shayi, can bakin ƙofa. Kurɓi ɗaya kawai zan yi."

Na ɗauko na cika ƙoƙon. Ni ban san rabin ƙoƙo ba, ba a taɓa ba da aro da rabin ƙoƙo ba. Na yi bisimilla na sha, na miƙa masa. Ya kurɓa, ya tsaya yana kallon sauran. Ya fi ni sanin dokar asibiti nesa ba kusa ba. Amma ya san ɗaya dokar ma: mai karɓar aro ba ya barin saura a ƙoƙo, in ya bari ya raina saniyar ke nan.

Na ce, "Madara ba ta taɓa kashe Bafulatani ba."

Ya kafa kai ya shanye. Ya kife ƙoƙon, ya ce, "Na karɓa, Hamma. Allah ya ba ni ikon riƙewa."

Ni suka fara ɗauka, don cirewa ta fi cin lokaci. Na farka da yamma kamar an raba ni biyu da gatari. Ban yi ko nishi ba, ku tambayi kowa. Armaya'u na tsaye a kaina, ba tabarau, idanunsa ja.

"Mi kuka sha?"

"Madara."

Ya zauna a bakin gado. Ya ce lokacin da aka yi wa Sahabi allurar barci, tawa ƙodar an riga an ɗaure jijiyoyinta an yanke. Sahabi ya yi amai yana cikin barci, madarar ta gangara huhunsa. Da ƙyar aka ceto numfashinsa. Yanzu inji ke hura masa iska, ba mai iya yanka shi sai ya daidaita.

"Ni ma ai na sha."

"Kai Allah ya rufa maka asiri."

"Cikina bai taɓa mayar da madara ba. To ina ƙodata?"

"Tana cikin ruwan."

"A mayar mini da ita kafin ya warware."

"Ba a yin haka, Malam Jafaru. Sai dai ta jira."

Na taɓa kwana a dajin Rugu da saniya mai naƙuda, kuraye na kewaya mu. Bai kai wannan jiran ba. Ina kwance ba ni iya juyawa, ƙanena a wani ɗaki, ƙodata a wani, cikin kwano, a ƙasar da ba ta san kowa ba. Duk wanda ya wuce sai in kama rigarsa in ce a ƙara mata ƙanƙara, ba mai jin abin da nake faɗi. Armaya'u yana zuwa yana komawa. In na ce yaya, sai ya ce, "Tana nan. Ruwan na riƙe da ita." Yini ya wuce, kwana ya wuce. Sai da rana ta sake yin tsaka sa'an nan suka ce huhun Sahabi zai iya ɗauka, suka ɗinka masa ita a mara.

Ba ta tashi ba.

Sun rataya wata jakar roba a gefen gadonsa, inda fitsari zai taru. Kullum da safe likitoci su zo su duƙa su duba, jaka wayam. Aka mayar da shi kan injin wankin jini. Armaya'u ya ce ta daɗe a sanyi, ta kumbura, wasu sassanta sun mutu. Ruwan ya yi iyakar abin da aka haɗa shi ya yi. Mai yiwuwa ta farka, mai yiwuwa ba za ta farka ba. In ba ta farka ba, ba wata, domin ni ɗaya ta rage mini, kuma ba a barin mutum ba ko ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai, Sahabi ya daina kallona. In na shigo ina dafa bango, sai ya juya fuska. Fiye da mako muna haka. Ran nan na gaji, na ja kujera na zauna.

"Kai, dube ni."

"Hamma, ranar farko na karya mata ƙafa. Ko garkena ba ta shiga ba."

"Wa ya cika ƙoƙon? Rufe mini baki. Baƙunta take yi. Ka taɓa ganin karsanar da aka kai sabon garke ta kama kiwo ran nan? Sai ta ji muryar mai ita."

Na ɗaga rigarsa, na ɗora tafin hannuna kusa da ɗinkin. Na yi mata irin kiran da nake yi wa shanu in za mu gangara rafi, da ƙarfi, yadda ake yi a daji. Wata nas ta yar da faranti. Marasa lafiya suka ɗaga kai. Sahabi ya rufe fuska da hannu yana cewa, "Hamma, don Allah, asibiti ne," kafaɗunsa na rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka. Na yi ta yi kullum safe, har Turawan gadajen kusa suka fara kwaikwayona.

Wata safiya aka ga ɗigo a jakar. Kafin azahar ya rufe gindinta. Tunda nake ban taɓa ganin manyan mutane masu furfura suna tafa wa fitsari ba sai ran nan. Likitoci suka ce da ma lokacinta ne ya yi. Su faɗi abin da suke so.

Armaya'u ya ja ni waje. "Ta tashi, amma ba da dukkan ƙarfinta ba. Zaman da ta yi a kwano ya ci rabinta. Za ta kai shi wani wuri. Ba za ta kai shi tsufa ba."

"Ya sani?"

"Shi ya fara tambayata."

Muka dawo gida. Na koma bayan shanuna, ya koma ofis da buhun magunguna. Matarsa Zuwairatu ta daɗe a gidansa ba haihuwa, ciwon ya hana. Shekara ba ta zagayo da kyau ba sai ga saƙo: an sami mace, Safiyatu. Ranar suna Sahabi ya sa aka gasa ƙodojin ragon aka kawo mini a faranti gaban jama'a, ya durƙusa ya ce, "Hamma, saniyarka ta haihu." Bayan ita aka sami Yusha'u. Riƙon da ya yi wa ƙodar nan, ko Baffa bai riƙe saniyar aro haka ba. Ya bar gishiri, ya bar jan nama, ba ya tsallake magani, duk inda za shi da gorar ruwa. In muka haɗu sai in ce, "Yaya baƙuwar?" Ya ce, "Tana gaishe ka."

Da aka haifi na uku, Sammani, ya kawo mini farantin kamar kullum. Na dubi ƙafafunsa, na ga takalmin ya matse. Shi ma ya ga na gani.

Lokacin kuɗin fetur sun janye, gwamnati ta daina kai mutane waje. Ko da ta kai, sai an sami wata ƙodar. Na je Kaduna na sami Armaya'u na ce a cire ɗayar, ni na iya zama haka nan. Ya ce, "Malam Jafaru, ko kai ba ka iya wannan." Shi kaɗai ya taɓa gaya mini haka na ƙyale shi.

Da farkon damina sai ga tsohuwar Fijo, Armaya'u ke tuƙi. Ta sake kafewa a rairayin nan. Wannan karon ban nemo shanu ba, na saɓo Sahabi a baya na kawo shi gida. Duk kumburin nan, bai fi ɗan maraƙi nauyi ba a wajena. Na kwantar da shi a bukkar Inna, wadda ta riga ta rasu. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da ƙoƙon Baffa.

"Ta haihu uku, Hamma. Na dawo maka da ita. Ka yi haƙuri, ta rame a hannuna."

"Ba ta rame ba. Ka riƙe da kyau."

"A nan za ka sa ni. Ba a mayar da aro a bar shi a Kaduna."

Bai kai ga noman gero na biyu ba. Muka sa shi a maƙabartar Ruma, gindin wata aduwa, na kafa dutse a gefensa don kowa ya san wurin nawa ne.

Armaya'u ya zo mini sau ɗaya bayan shekaru masu yawa, kansa fari fat, yana dogara sanda. Ya ce har yanzu ana ta gyaran ruwan nan. An sami wani haɗin da ƙoda ke kwana a ciki ta tashi garau, har da injin da ke zagaya mata da shi kamar jini. Ya ce, "Da a yanzu ne, da zaman kwanon nan bai yi mata komai ba." Na ce to madalla, Allah ya amfanar da na baya. Muka zauna muna kallon awaki. Shi ya gaji, ni na gaji. Shi ma na je jana'izarsa.

'Ya'yan nan uku duk sun girma, suna da nasu. Ni kuwa ɓarayin daji sun kwashe shanun, sun tashe mu daga Ruma, ina zaune a wani ɗaki a cikin garin Batsari, bayan tasha, inda ƙarar babura ba ta barin mutum ya ji tunaninsa. Na ga fari, na ga ciwon bushiya mai kashe shanu, na ga wuƙar Bature, na ga bindiga, ban faɗi ba. Amma ƙafa ta yi nauyi, kuma hanyar Ruma yanzu sai an shirya.

Yusha'u ya zo makon jiya. Na sa ya rantse mini. Ya ce ko a bayan babur ne zai kai ni gindin aduwar nan. Na ce ya ɗaure ni da kyau, ya duba dutsen, kada ya sa ni nesa da ubansa. An dawo mini da arona tun tuni, ni ne ban je na karɓa ba.